Na karanta kimiyya, ina son aikin hukuma: tambayoyi da amsoshi kan NAFDAC, SON, NESREA da 'yan uwansu

Duk lokacin da 'yan bautar ƙasa suka karɓi takardar sallama, tambayoyin nan sukan dawo mini kamar damina, daga ƙanne, daga 'ya'yan abokai, daga ɗaliban da suka taɓa zama a ɗakin gwajinmu. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya, shi ya sa na tattara su wuri guda. Maganar a kan Najeriya take, sai ɗan abin da na taɓo na Nijar da Gana can ƙasa.

Malam, wai mece ce ma hukumar sa ido? Ba ɗaya suke da cibiyar bincike ba?

Ba ɗaya suke ba, kuma wanda bai raba su ba tun a intabiyu ake gane shi. Cibiyar bincike, irin IAR ta binciken noma da ke Samaru ko NAPRI ta binciken kiwon dabbobi da ke Shika, aikinta ta samo sabon abu. Hukumar sa ido kuwa aikinta ta duba abin da wani ya samo, ko ya haɗa, ko ya shigo da shi, ta ce a sake shi ga jama'a ko a hana. Ɗauki waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Masana a Samaru ne suka yi shekaru suna aikinsa, amma bai isa gonar kowa ba sai da hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, ta ba da izini a 2019. Ɗan kimiyya ne a can, ɗan kimiyya ne a nan, sai dai wancan mai ƙirƙira ne, wannan alƙali ne.

Wasu daga cikin hukumomin nan musiba ce ta haife su. A 1988 aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na yankin Neja Delta, a shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya FEPA, wadda daga baya NESREA ta gaji aikinta a 2007. A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda, sai ga dokar kafa NAFDAC a 1993. Idan ka riƙe wannan tarihin, ba za ka yi mamakin yadda suke nacin takarda da sa hannu ba.

Waɗanne hukumomi ne ke ɗaukar masu digirin kimiyya, kuma wa ke dacewa da ina?

NAFDAC ce kowa ya sani: abinci, magani, kayan kwalliya, ruwan leda da na gora, sinadarai, kayan aikin asibiti. Tana ɗaukar masu ilmin haɗa magunguna, masu kemistiri, bayokemistiri, ilmin ƙananan halittu, kimiyyar abinci da likitocin dabbobi. Manyan ɗakunan gwajinta suna Yaba da Oshodi a Legas, da Agulu a Anambara, a arewa kuma akwai na Kaduna da na Maiduguri.

SON ta girme ta, tun 1971 take. Ita ce mai ƙa'idar siminti, rodi, waya, taya, tukunyar gas, katifa, fenti. Injiniyoyi sun fi yawa a can, amma masu kemistiri da fiziks suna da wuri, musamman a harkar awo, wadda cibiyarta take Inugu.

NESREA na bin masana'antu kan ruwan datti da hayaƙi da shara mai guba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwatar da ke fitowa daga kamfanonin jima na Challawa ko Sharaɗa ya san akwai aiki. NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ta malalar mai ce. A harkar man kanta, dokar man fetur ta 2021 ta rushe DPR, tsohon sashen sa ido kan harkar mai, ta kafa NUPRC mai kula da haƙo mai da NMDPRA mai kula da tacewa da rarrabawa. Ta biyun ce ke da alhakin ingancin fetur ɗin da kake sha, kuma ka tuna hayaniyar Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan metanol aka yi ta layi.

Mai fiziks da yake ganin ba shi da mafita sai aji, ya leƙa NNRA, hukumar sa ido kan harkar nukiliya. Ita ke ba da lasisin injin hoton ƙashi a asibitoci, da na'urorin da kamfanonin mai da masu gina hanya ke amfani da su masu ɗauke da sinadarin da ke fitar da tururin nukiliya, ita kuma ke sa ido kan ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke cibiyar binciken makamashi ta CERT a Zariya tun 2004.

Masu ilmin noma, tsirrai, ƙwari da dabbobi, ga NAQS mai tsaron iyaka daga cutukan shuka da na dabba, ga NASC mai tantance iri, ga NBMA.

Ni maikirobayoloji na karanta, kowa ce mini yake "sai NAFDAC". Can kaɗai ne?

A'a, kuma wannan "sai NAFDAC" ɗin ita ke sa dubbai su taru a ƙofa ɗaya alhali wasu ƙofofin ba kowa. Jihohi suna da nasu: hukumomin kare muhalli irin KEPA ta Kaduna, hukumomin ruwa masu ɗakin gwaji a matatu irin ta Tamburawa, hukumomin sayo magani da rarraba shi ga asibitocin jiha, masu sa ido kan asibitoci masu zaman kansu irin PHIMA ta Kano, har da aikin dubagari da ake rainawa. Albashin bai kai na tarayya ba, babu ja. Amma shekara uku kana auna kulorin da ƙirga ƙwayoyin cuta a ruwan famfo ta fi shekara uku kana jiran talla a majalisar unguwa, kuma ita za ka nuna ranar da babbar ƙofar ta buɗe.

Aikin kullum a ɗakin gwaji ake yi?

Kaɗan ne daga cikin ma'aikata ke wuni a ɗakin gwaji. Saura suna duba masana'antu, ko suna karanta takardun neman rajista, ko suna tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama da kan iyaka irin Jibiya, Maigatari da Illela, ko suna tattara rahoton illar da magani ya yi wa marasa lafiya, ko suna tare da 'yan sanda wajen kame.

Bari in nuna maka yadda ziyarar ƙaramin gidan ruwan leda take. Kun iso da safe ku biyu, mai gida ya tarbe ku da fara'a da lemo mai sanyi, wanda ba za ku sha ba. Kafin ku kalli inji, sai ku tambayi ina rijiyar burtsatse, ina kuma masai, ku taka tazarar da ke tsakaninsu da ƙafa. Ku buɗe tukwanen tace ruwa ku ga yaushe rabon da a canja abin da ke ciki. Akwai fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta. Sau da yawa za ka same ta a maƙale tana ƙyalli, ka ce a kunna, sai a fara kallon juna, ta mutu tun bara. Ka duba ko yaran da ke ɗaure buhu suna da hula da takardar gwajin lafiya, ko ledar na ɗauke da lambar rukuni da ranar da aka yi ta. Ka ɗebi samfur, ka rubuta masa lamba, ka sa shi cikin kula mai ƙanƙara, mai gida ya sa hannu kai ma ka sa. Sannan ka koma ofis ka yi aikin da ya fi duk waɗannan nauyi: rahoto. Abin da ka rubuta shi zai sa a rufe wurin da mutum goma sha biyar ke cin abinci, ko a bar ruwan da yaran unguwa za su sha. Wataƙila kuma wata rana lauya ya ɗaga takardar a kotu ya ce, "Wannan sa hannunka ne?"

Ina ake ganin tallar ɗaukar aiki?

Hanya biyu ce. Ma'aikatun tarayya, irin ta lafiya, ta muhalli, ta noma, da ta kasuwanci mai sashen awo da sikeli, hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya FCSC ce ke ɗaukar musu. Hukumomin da doka ta kafa da hukumar gudanarwarsu, irin waɗanda na lissafa, su ke ɗaukar nasu da kansu bayan sun sami izini. Ƙa'idar hukumar raba daidai ta ƙasa ita ce a buga talla a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba da mako shida. Saboda haka wuraren dubawa su ne jarida, da shafin hukumar na intanet wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, da shafukanta na sada zumunta da aka tantance. Saƙon WhatsApp mai cewa "tura wa mutum goma kafin fom ya buɗe" kuwa, goge shi kawai.

Talla ba ta da lokaci. Hukuma kan yi shekaru ba ta ɗauki kowa a fili ba, sai kwatsam ta buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya: takardunka su zama a shirye, a ɗauke su hoto mai kyau a ajiye a imel.

A faɗa mana gaskiya, ba sai mai uwa a gindin murhu ba?

Zan yi ƙarya in na ce babu wannan. Ana neman izinin ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan ba tare da talla ba, ana yin abin da ake kira cike gurbi a ɓoye, manya suna raba kujeru. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman ya binciki sayar da guraben aiki, aka yi ta jin abin kunya a bainar jama'a.

Amma ga abin da masu wannan magana ba sa ƙarasawa. Hukumar da ke da ɗakin gwaji ba ta iya cika shi da 'yan lele kaɗai, domin na'ura ba ta san ɗan wane ba. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsarin kula da magunguna na Najeriya a mataki na uku cikin huɗu na ma'aunin ƙwarewarta, matakin da ƙasashen Afirka kaɗan suka kai, kuma masu tantancewa suna dawowa su duba ko an riƙe shi. Sukan buɗe fayil ɗin ma'aikaci su ga horonsa, su tsaya a kansa yana aiki. Dole a sami waɗanda suka iya.

Na biyu, tsarin raba daidai, wanda ya samo tushe daga sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, ya tanadi kowace jiha ta sami tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na ma'aikata. Ke nan ɗan Yobe ko Zamfara ba da duk Najeriya yake gasa ba, da 'yan jiharsa yake yi. Na sha ganin wanda ya cancanta bai ko cike fom ba saboda an ce masa "an riga an raba". Wanda ya raba ɗin kuwa daɗi ya ji.

Neman wanda zai yi maka magana ba laifi ba ne, in dai kana da abin da za a yi maganar a kai. Malaminka da ya ga aikinka, ko shugaban ɗakin gwajin da ka yi bautar ƙasa, maganarsu tana da nauyin da ba ka zata ba.

Wani ya ce in kawo kuɗi zai samo mini ofa. Ya nuna mini ta wani ma.

Kada ka bayar. Wani ɗan yayata, mai digirin bayokemistiri, uwarsa ta sayar da shanunta biyu aka tura wa wani da ya ce yana "hedikwata". Takardar ta zo da tambari da hatimi da sa hannu, har da ranar kama aiki. Ya ɗinka sabbin kaya ya hau mota zuwa Abuja. A ƙofa mai gadi ya karɓi takardar ya juya ta, bai ko shiga da ita ciki ba, ya ce masa, "Kai ne na huɗu a makon nan." Lambar wayar ta mutu tun yana hanya.

Wanda ma ya shiga ta wannan hanya bai tsira ba. Ana yin tantance ma'aikata, a gano takardar bogi bayan shekaru, a cire suna daga tsarin biyan albashi, wani har a miƙa shi ICPC. Fom ɗin aikin gwamnati ba a sayar da shi. Kuɗin da za ka kashe na mai kafe ne da na mota.

Waɗanne takardu zan tanada?

Sakamakon sakandare, shaidar digiri ko babbar difloma, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, da lasisin sana'a ga wanda sana'arsa ke da shi.

Abin da ke kayar da mutanenmu ba rashin takarda ba ne, saɓanin suna ne. Muhammad a WAEC, Mohammed a digiri, Muhammadu a NIN; sunan gari a wata takardar, sunan kaka a wata. Ranar haihuwa biyu kuwa ta fi komai muni. Gyara tun yanzu, da rantsuwar kotu da sanarwar jarida in ta kama, domin gyaran NIN ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Rajista da ƙungiyar sana'a dole ce?

Ga wasu dole ce: mai haɗa magunguna sai da lasisin PCN, masanin gwajin asibiti sai da na MLSCN, likitan dabbobi da na majalisarsu, injiniya da COREN. Ga mai kemistiri akwai ICCON, ga mai fasahar ɗakin gwaji akwai NISLT. Sai IPAN, wadda ke ba da lasisin mai tantance kaya, wanda doka ta yarda da sa hannunsa a kan sakamakon gwajin abinci, ruwa ko magani. Wannan ta ƙarshe ita nake ba mai kemistiri da bayokemistiri da maikirobayoloji shawarar ya sa a gaba, domin ko aikin gwamnati bai samu ba, da ita ake cin abinci.

To kafin talla ta fito, me zan koya?

Nan ne maganar take. Yawancinmu mun gama jami'a mun zana na'urar HPLC a takardar jarrabawa mun ci maki, ba mu taɓa kunna ta ba. Ba laifin ɗalibi ba ne. Mutum ɗari biyu a kan sikeli ɗaya, wuta kuma sai an yi sa'a. Amma hukuma ba ta ɗaukar uzuri.

Hanya mafi sauƙi ita ce SIWES, wato horon aiki da ɗalibi ke zuwa yi a masana'anta, da bautar ƙasa. Kada ka nemi inda za a sa maka hannu ka koma gida. Nemi ɗakin gwajin kamfanin lemo, na man gyaɗa, na fulawa, na magani, na taki, ko matatar ruwa, ko ɗakin gwajin haɗaka na jami'a. In ka riga ka wuce wannan, je ka roƙi a bar ka ka yi wata shida ba biya. Wanke kwalabe za a fara ba ka. Karɓa, daga nan kowa ya fara.

Abin da za ka fito da shi ba sunayen na'urori ba ne. Ka iya auna abu a sikeli ka san yaushe aka daidaita sikelin. Ka iya haɗa ruwan sinadari a ƙarfin da aka ce ba tare da ka leƙa waya ba. Ka san dalilin da ya sa ake gwada ruwa zalla tare da samfur, da dalilin maimaita gwaji. Ka san HPLC ta auna ƙarfin magani ce, GC ta ragowar maganin ƙwari, AAS ta ƙarafa irin dalma. Ka karanta abin da ƙa'idar duniya ta ISO 17025 ke nema daga ɗakin gwaji, da ƙa'idojin sarrafa kaya da ake kira GMP. Ka iya Excel sosai, ba buɗewa da rufewa ba.

Sai rubutu. A makona na farko a ɗakin gwaji na rubuta wani awo a bayan hannuna, da niyyar in kwafe a littafi in na gama. Shugabar sashen, wata dattijuwa mai gilashi a kan hanci, ta kama hannun ta kalla, ta ce, "Ɗana, wannan hannun za mu kai kotu?" Ta sa na zubar da komai na sake daga farko. A wurinta na koyi cewa ba a rubutu da fensir, ba a goge kuskure. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Abin da ba a rubuta ba, a wannan aiki, ba a yi shi ba.

Kuma ka san matsalolin ƙasarka da harshen awo. Me ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015? Ragowar sinadarin dikulobos, wanda ke cikin fiya-fiya, ta zarce iyakarsu ta miligiram 0.01 a kilo. Me ya kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010? Dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gida. Me ke sa a dawo da gyaɗa da masara? Gubar afulatoksin da fumfuna ke haifarwa in ba a busar da kyau ba. Me ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano a 2021 suna fitsarin jini? Gurɓataccen garin lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Wanda ya iya bayanin waɗannan, ya kuma faɗi gwajin da zai yi, ya sha gaban mai digiri na biyu da ya haddace ma'anoni.

Babbar difloma gare ni. Ni kuma digirina mai daraja ta uku ne. Ni kuma na haura talatin.

Mai babbar difloma ana ɗaukarsa, galibi a layin masu fasaha, kuma a ɗakin gwaji sau da yawa hannunsa ya fi na mai digiri. Matsalar tana sama: a tsarin da aka saba, layin yakan tsaya a mataki na 14. Mafita ita ce ƙaro karatu tun da wuri a sauya layi.

Daraja ta uku tana da wuya, domin yawancin tallace-tallace daga ta biyu suke farawa. Difloma ta gaba da digiri, sannan digiri na biyu, su ke wanke ta.

Shekaru kuwa, talla ce ke faɗa. Wasu 30, wasu 35. Kada ka rage shekarunka. Takardar firamare tana nan tana jiranka.

Yaya jarrabawa da intabiyu suke?

Jarrabawar kwamfuta ce galibi: Turanci, lissafi, al'amuran yau da kullum, da tambayoyin fanninka. Lokaci ne ke kayar da mutane, ba wuya ba, don haka yi atisaye da agogo.

A intabiyu, karanta dokar da ta kafa hukumar, ka san ma'aikatar da take ƙarƙashinta, da sassanta, da abin da ta yi a 'yan watannin nan. Mai neman NAFDAC daga Kano da bai san an hana maganin tari mai kodin a 2018 ba, ko bai san dalilin mayar da 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro ba, me zai ce? Za a tambaye ka aikin binciken da ka yi a ajin ƙarshe; in saya ka yi, a minti biyu za a gane. Akwai kuma tambayar da ba ta cikin littafi: ka je duba masana'anta ka tarar ta ƙanin mahaifinka ce, ya za ka yi? Amsar ita ce ka sanar da shugabanka a tura wani.

Nawa ne albashin?

Mai digiri na farko kan fara a mataki na 8 ko makamancinsa. Adadin ya danganta da tsarin albashin hukumar, kuma tazarar tana da faɗi: na harkar mai suna can sama, na ma'aikatu suna ƙasa, saura a tsakiya. Ana cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, gwamnati ta ƙara 10. Shekara biyu na farko na gwaji ne kafin a tabbatar da kai. Daga mataki na 7 zuwa 14 ana zama jarrabawar ƙarin girma bayan shekara uku, daga 15 bayan huɗu, in akwai gurbi. Ritaya a shekara 60 ko bayan 35 ana aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Abin da za ka yi wa lissafi tun kafin murna shi ne haya. Albashin da zai riƙe ka a Gusau ba zai kai ka ko'ina ba a Legas, kuma manyan ɗakunan gwaji da tashoshin ruwa can suke.

Yaya, ni mace ce kuma ina da aure. Zan iya?

Ƙwarai kuwa, ƙanwata. Ɗakunan gwaji da sassan rajista cike suke da mata, kuma sunan da aka fi tunawa a wannan fagen na mace ne, Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008; Farfesa Mojisola Adeyeye ta karɓi hukumar a 2017. Akwai hutun haihuwa na kusan wata huɗu. Abin da za ku tattauna da maigida tun kafin ki cike fom shi ne wurin aiki, domin takardar tarayya cewa take za a iya tura ki ko'ina. Ana neman sauyi saboda aure kuma ana samu, amma ba a ranar farko ba. Akwai ma inda ke kaɗai za ki iya: matan da ke haɗa yaji, turare, sabulu da maganin gargajiya a cikin gida, ba kowane namiji ne zai shiga ya duba musu ba.

Akwai haɗari?

Akwai, musamman a sashen kame. An harbi motar Akunyili a Disamba 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta, kuma a Maris 2004 wuta ta cinye ɗakin gwajin hukumar na Kaduna. Har yau akan yi wa jami'ai rotse a kasuwanni. A ɗakin gwaji haɗarin na sinadari ne da ƙwayar cuta, shi kuma horo da safar hannu ke maganinsa.

Wanda ya fi yawa shi ne ambulan. Ba da sunan cin hanci take zuwa ba. "Kuɗin mai" ne, "goron Sallah" ne, ko katan ɗin kayan kamfani a but ɗin mota. Wani lokaci kuma ba kuɗi ba ne, waya ce daga dattijon da kake jin kunya, yana cewa a rufa wa bawan Allah asiri. Ranar da ka karɓa, mai masana'antar ya daina jin tsoron rahotonka har abada, kuma zai gaya wa na kusa da shi farashinka.

Mu da ke Nijar ko Gana fa?

A Nijar aikin gwamnati ta konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, bayan hidimar ƙasa. Wuraren da mai kimiyya zai sa ido su ne LANSPEX mai gwajin magani da abinci da ruwa, ANMC ta ƙa'idoji da awo, BNEE mai duba tasirin ayyuka ga muhalli, da ARSN ta harkar nukiliya, wadda ƙasa mai yuraniyom a Arlit ba ta iya rasawa. A Gana akwai FDA ta abinci da magani, da GSA ta ƙa'idoji da awo, da EPA ta muhalli, kuma hidimar ƙasa a cikinsu ita ce ƙofar da aka fi bi. Mai Hausa da Faransanci da Turanci yana da abin da ake nema a kan iyaka, inda kaya ɗaya ke tsallakawa daga Maraɗi zuwa Katsina da takardu iri biyu.

In na shiga, shi ke nan na maƙale har ritaya?

Sai in ka so. Kamfanonin magani da na abinci suna neman wanda ya san yadda hukuma ke tunani, don ya riƙe musu sashen inganci ko na rajista. Masu fitar da riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau suna buƙatar wanda zai gane takardar gwaji kafin kwantena ta bar Apapa, domin in an dawo da ita daga Turai asarar ba ta misaltuwa. Akwai Hukumar Lafiya ta Duniya, da hukumar nukiliya ta duniya a Biyana, da sabuwar hukumar magunguna ta Afirka mai mazauni a Kigali. Duk suna ɗaukar waɗanda suka yi shekaru a hukumomin ƙasashensu.

Hanyar tana bi ta ɗaya gefen ma. Da yawa daga cikin waɗanda na ga sun yi fice a duba masana'antu, a masana'antar suka fara. Wanda ya yi shekara biyu yana aikin dare a kamfanin lemo ya san inda ake tura buhunan sukarin da suka jiƙe idan aka ji masu dubawa suna hanya, kuma ranar da ya dawo da katin hukuma a wuya, can zai fara nufa.